Amsoshin Tambayoyinku: Rumfar da Ke Naɗe Kanta Idan Iska Ta Taso

TAMBAYA: Baba, ina da shagon kayan masarufi da cajin waya a bakin titi a Tambuwal. Bara iskar farkon damina ta yage mini tamfol ɗin rumfa, ta lanƙwasa ƙarafan. Kwanan baya na ga wani bidiyo a waya, wata motar Turawa mai ɗaki a ciki, rumfarta tana fitowa da kanta, da iska ta taso kuma sai ta naɗe ba wanda ya taɓa ta. Mai motar yana ta murɗa wani ɗan abu, wai saita ta yake yi. Yaya rumfa ke sanin iska ta taso? Me ake saitawa? In na sami irin wannan na'ura na sa a shagona, na huta da ɓarnar iska ke nan?

Daga wani mai karatu a Tambuwal

AMSA: Ɗana, Allah Ya mayar maka da alheri a kan asarar bara, Ya sa wa nema albarka. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai. Abu uku ka tambaya: yadda rumfa ke gane iska, abin da ake murɗawa wajen saiti, da ko na'urar za ta raba ka da ɓarnar hadari. Ta ukun ce mai nauyi, amma ba za ta fito fili ba sai mun share hanya da biyun farko.

Motar da ka gani gida ce da aka ɗora a kan tayoyi. A cikinta akwai gado, da ɗan wurin girki, da makewayi, da tankin ruwa. Amurkawa da mutanen Turai kan yi tafiyar hutu da ita, duk inda dare ya yi musu su yada zango. Garin Elkhart na jihar Indiyana a Amurka shi ne cibiyar ƙera irin waɗannan motoci, kamfanoni irin su Dometic da Lippert da Carefree kuma su suka yi suna wajen yi musu rumfa. Rumfar kanta ba ta da wani sihiri. Dogon bututu ne na alminiyam da aka naɗe yadi mai kauri a jikinsa, sai ɗan injin lantarki a bakin bututun, mai aiki da wutar batir ta bolt 12, irin ta batirin mota ko na sola. In an danna maɓalli injin ya juya bututun, yadin ya warware, hannuwan ƙarfe biyu su miƙe su riƙe shi. In an danna na komawa ya naɗe.

Abin da ya kamata ka lura da shi, yawancin irin wannan rumfa ba ta da ƙafa a ƙasa. Hannuwan nan biyu da aka ɗaure a jikin mota su kaɗai ke ɗauke da ita. Don inuwa aka yi ta, kuma masu ƙera ta sun san ba za ta iya kokawa da iska ba. Shi ya sa suka haɗa ta da ɗan abin da zai sa ta gudu kafin a kayar da ita, wato abin da makanikai ke kira sensa, na'urar da ke jin wani abu ta kai labari.

Iri biyu ce. Ta farko tsohuwar dabara ce: ƙananan kofuna uku a kan sanda, iska na kaɗa su suna juyawa. Gwargwadon ƙarfin iska, gwargwadon saurin juyinsu, na'urar kuma tana ƙirga juyin ta mayar da shi lissafin gudun iska. Wani masanin taurari mai suna Thomas Romney Robinson ne ya ƙirƙiro ta a Armagh ta ƙasar Ailan a 1846, da kofuna huɗu, sai a 1926 John Patterson na Kanada ya fito da mai kofuna uku. Da irin wannan ma'auni masu hasashen yanayi suka daɗe suna auna iska a filayen jirgin sama, a kan sanda mai tsawon mita 10. Ta rumfa ƙanwarta ce kawai, ana kafa ta a rufin mota ko a saman bango.

Ta biyu ita ta fi yawa yanzu, kuma ina jin ita ka gani ana murɗawa. Wannan ba ta auna iskar kanta. Ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, ana manna shi a sandar gaban rumfa, a cikinsa akwai irin abin nan da ke cikin wayarka wanda ke juya hoto in ka kwantar da ita. Aikinsa jin motsi. In iska ta fara jijjiga rumfa, sandar gaba tana sama tana ƙasa, sai ya auna girman jijjigar, in ta wuce iyakar da aka sa masa ya aika wa injin saƙo ya naɗe. Wasu ta waya suke aikawa, wasu ta iska irin yadda rimot ke yi, su kuwa masu rimot ɗin ƙananan batura ke cikinsu.

To, wannan iyaka ita ce abin da mutumin nan ke saitawa. Yana gaya wa na'urar ne: in jijjiga ta kai kaza, ki naɗe. A wasu, maɓalli ne mai matakai uku, ƙasa da tsakiya da sama. A wasu kuma ɗan abin murɗawa ne mai lambobi. Ɗauki misalin wata da kamfanin Somfy na Faransa ke yi wa rumfunan gidaje da shaguna, mai suna Eolis 3D. Lambobinta daga 1 zuwa 9 ne. A 1 ta fi saurin ji, ɗan motsi kaɗan ta naɗe, a 9 kuwa sai rumfa ta jijjigu sosai. Akwai kuma 0, inda kai da kanka za ka kama sandar gaba ka jijjiga ta iyakar yadda ka yarda iska ta yi mata, na'urar ta riƙe wannan a matsayin iyaka. Mai kofuna ta wannan kamfani kuma ana saita ta tsakanin gudun kilomita 10 zuwa 50 a awa. Sai dai ba duk kamfanoni ke bin tsari ɗaya ba. A wata na'urar, "sama" na nufin saurin ji, a wata kuma yana nufin sai iska ta yi sama. Mutane da yawa sun murɗa baibai suna ganin sun ƙara tsaro. Saboda haka kada a dogara da lamba, a gwada da hannu.

Gwajin ba wuya. A zaɓi ranar da iska ta kwanta, a buɗe rumfar gaba ɗaya, a sa saiti a wajen saurin ji. Sai a kama tsakiyar sandar gaba a riƙa ɗaga ta ana saukewa, a fara a hankali ana ƙarawa, har injin ya tashi. In mai kofuna ce, a juya kofunan da yatsa da sauri, ko a kunna musu fanka. In ta naɗe a kan ɗan motsin da bai taka kara ya karya ba, a matsa mataki ɗaya tak, a sake gwadawa. Bayan ta naɗe kada a yi mamaki in maɓallin buɗewa ya ƙi aiki na ɗan lokaci, da gangan aka yi haka don kada mai gaggawa ya sake miƙa ta cikin iska. Mai kofuna kuma a duba inda aka kafa ta. In tana bayan bango ko ƙarƙashin bishiya inda iska ba ta kai mata, rumfa za ta karye ita tana can ba ta da labari.

Nan ne mutane da dama ke yin kuskure, kuma kuskure ne mai uzuri. Rumfa na yawan naɗewa tana hana mutum shan inuwa, sai ya gaji ya murɗa har ƙarshe, ya ce yanzu ta yi ƙarfi. Ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan ba. Ƙarafan nan dai su ne, yadin nan dai shi ne, abin da ya canja kawai shi ne ta daina gudu da wuri. A Turai akwai ƙa'idar da ta kasa rumfuna aji-aji bisa iskar da za su iya ɗauka: aji na 1 har kilomita 28 a awa, na 2 har 38, na 3 har 49. Yawancin rumfuna masu hannuwa na aji na 2 ne.

Za ka ce, ni da ba ni da ma'auni yaya zan san kilomita 38? Akwai hanyar gane ta da ido, wadda ta samo asali daga wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, a 1805, daga baya aka ƙara mata alamomin tudu. In iska na ɗaga ƙura da takardu tana kaɗa ƙananan rassa, tana tsakanin 20 da 28. In ƙananan bishiyoyi masu ganye suna rangaji gaba ɗayansu, tsakanin 29 da 38 ke nan. In manyan rassan dogonyaro suna motsi, wayoyin wuta suna fito, lema ta gagari mai riƙe ta, an kai 39 zuwa 49. Ka ga tun iska ba ta kai abin da mu za mu kira iska ba, rumfar Bature ta kai iyakarta.

Dalilin da ya sa ɗan ƙari ke zama babbar ɓarna shi ne, nauyin da iska ke ɗorawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudu ya ninka sau biyu, turi yakan ninka sau huɗu. Iskar kilomita 36 a awa, in ta bugi abu gaba da gaba, tana tura kowane murabba'in mita da nauyin kilo 6 ko kusa da haka. In ta kai 72, ya zama kilo 24. Rumfa mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 murabba'in mita 12 ce. A iskar farko nauyin bai fi na buhun siminti ɗaya da rabi ba, a ta biyu ya doshi buhu shida, kuma daga ƙasa yake tura ta sama, yana fizga yana saki. Rumfar da ke kwance ba ta ɗaukar duk wannan, amma da zarar iska ta shiga ƙarƙashinta ta kumbura tamfol, sai ta ba iska fuska. Ina kyautata zaton haka aka yi da taka bara. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, mai tamfol ma bai tsira ba.

Yanzu mu zo gida. Iskar da ke damunmu a ƙasar Sakkwato iri biyu ce. Ta hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana fitowa daga arewa maso gabas, takan taso da hantsi ta riƙa ƙaruwa a hankali, ta lafa da yamma. Irin wannan na'urar za ta iya da ita, domin tana ba da lokaci. Ta hadari kuwa, musamman a Mayu da Yuni da kuma ƙarshen damina, halinta daban. Ka san yadda take yi. Gari ya yi tsit, zafi ya dame kowa, ɗan iskar da ke kaɗawa daga kudu maso yamma ma ta ɗauke. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙasanta ya yi ja saboda ƙura. Sai kawai a ji sanyi ya bugo, kwanon rufi ya fara ƙara, ledoji su tashi sama. Abin da ke faruwa shi ne, ruwan da ke zuba a cikin hadarin yana sanyaya iska, iska mai sanyi kuma ta fi nauyi, sai ta faɗo ƙasa ta bazu, ta ruga gaban hadarin. Shi ya sa iska ke riga ruwa isowa, wani lokaci ma ta zo ita kaɗai a yi holoƙo ba ɗigo. A babban hadari bugun farkon nan yakan haura kilomita 70 a awa, kuma ba ya sallama.

Sai ka haɗa wannan da aikin na'urar. Ba ta ganin gabas. Sai iska ta riga ta taɓa ta take sani, sannan ta ɗan dakata ta tabbatar ba wucewa ba ce, sannan injin ya fara naɗi, naɗin kuma yakan ci kusan rabin minti. Cikin wannan rabin minti iskar hadari ta gama abin da ta zo yi. Wani lokaci ma injin ya kasa jan yadin da iska ta cika, fis ya ƙone, rumfa ta tsaya rabi a buɗe. Su kansu masu ƙera ta suna rubutawa a littafin da ke zuwa da ita cewa kada a bar rumfa a buɗe a tafi don an sa mata na'ura. Taimako ce ga mai mantuwa, ba mai gadi ba ce.

Ga kuma wasu abokan gaba da ƙasarmu ta tanadar mata. Ƙurar hunturu na shiga boris ɗin mai kofuna ta sa shi nauyi, sai ta riƙa ba da lissafin da bai kai gaskiya ba, wanda ya fi rashin ta haɗari. Zafin Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, yana cinye ƙananan batura yana busar da roba, ga shi mai jin motsi a sandar gaba take zaune, rana na dukanta yini guda. Wasu na'urorin in batirinsu ya yi sanyi sukan riƙa naɗe rumfa lokaci-lokaci ba iska ba komai, mai ita ya ɗauka ta lalace, alhali sabon batir take nema. In injin na wutar gari ne kuma aka ɗauke wuta, yadda aka saba yi da hadari ya haɗo, na'ura za ta ba da umarni ba mai aikatawa. Sai an haɗa da batir, an kuma tabbatar akwai wurin da za a sa hannu ko sifana a naɗe.

Shagonka kuma a bakin titi yake. In titin nan ne da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Tambuwal ya nufi Jega, to duk tirelar da ta wuce da gudu sai ta jijjiga maka rumfa. Mai jin motsi ba ta bambanta tirela da hadari, haka ba ta bambanta su da yaron da ya yi lilo da sandar. In ka gaji ka rage mata ji saboda tireloli, ka rage mata ji ga iska ma. Sannan mu 'yan kasuwa ba mu barin sandar gaban rumfa haka nan, sai an rataya mata cajoji da ledojin omo da silifa. Wannan nauyi na canja yadda take motsi, ya ɓata saitin, in ta tashi naɗewa kuma ta haɗa da kayan. Mafi muni shi ne a ɗaure ta da igiya a turke don ƙarin ƙarfi a manta ba a kashe na'urar ba. Igiya ta hana ta jin motsi da wuri, in ta ji kuma injin ya ja, igiya ta ja, ɗaya ya karye.

Saboda haka amsar tambayarka ta uku ita ce a'a, ɗana, ba za ka huta ba. Na'urar ma ba ta aiki ita kaɗai, sai da rumfa mai inji, kuma kuɗin su biyun da kuɗin shigo da su zai yi maka rumfar ƙarfe mai kyau har ka sami canji. Abin da ya cancanci ɗauka daga wurin Bature shi ne tunanin: rumfar da za ta daɗe ita ce wadda ake iya kawar da ita da sauri. Wannan kuwa mai walda na garinku zai iya. A kafa ƙafafu na bututun ƙarfe mai kauri a cikin kankare, a yi firam ɗin da ba ya motsi, tamfol ɗin kuma a ɗaura bakinsa ɗaya a jikin dogon bututu mai marikin juyawa, ɗaya bakin a maƙala shi da ƙugiyoyi. In hadari ya haɗo, a cire ƙugiya a juya mariki, iska ta zo ta tarar da ƙarfe tsirara ta wuce ta tsakani. A bar ɗan tazara tsakanin saman rumfa da bango don iskar da ta shiga ta sami mafita. A kuma karkata ta sosai saboda ruwa: lita ɗaya kilo ɗaya ce, ruwan sama na milimita 20 a kan rumfar mita 4 da 3 lita 240 ne, in ya taru a tsakiyar tamfol ba ya bukatar iska kafin ya lanƙwasa ƙarfe. In ƙofar shagonka gabas take kallo, duk wannan ya fi zama dole a kanka.

Wani mai karatu daga Kebbe, mai ba da hayar kanofi da kujeru a wuraren ɗaurin aure da suna, ya aiko da tambaya mai kama da taka, to ga tasa amsar a nan. Kanofi ba shi da injin da na'ura za ta umarta, maganinsa turaku da igiya. A kafa turakun a karkace, kansu na kallon waje, a fara ƙarfafa ɓangaren gabas. In hadari ya taso, a zare yadin tun da wuri a bar ƙarafan. Kada a ce samari su riƙe ƙafafun kanofi su yi ƙarfi-ƙarfi da iska, kamar yadda ake yi a wuraren biki. Ƙarfe ne a fili ana walƙiya, ga wayoyin wuta a sama, ga kuma kanofin da in ya tashi yana iya tashi da mutum.

Ku biyun duka kuna da abin da ya fi na'urar nan saurin ji. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tafiya yamma, kuma ana hango shi tun yana nesa. Na Kebbe in yana da ɗan'uwa a Gummi, kira ɗaya na "ga shi nan ya wuce mu" ya ba shi lokacin da babu sensar da za ta ba shi. Kai ma ka sami wani a ƙauyukan gabas da ku, ku yi wannan alkawari. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara da kuma gargaɗin iska da tsawa na kwanaki, a riƙa saurare. Da dare kuwa, tunda hadari da yawa cikin dare yake zuwa, daga Mayu har ƙarshen damina kada ka rufe shago ka bar tamfol a shimfiɗe, ko da sama ta yi garau.

In wata rana Allah Ya buɗa ka sayi rumfa mai inji, ka bar saitinta a wajen saurin ji, ka canja batirinta kafin bazara, ka gwada ta da hannu kafin ruwan farko. Kafin nan, ka je wurin mai walda tun hadari bai fara haɗowa ba, ka kuma rubuto mini yadda kuka yi da shi. Sauran masu karatu, ƙofa a buɗe take, a ci gaba da aiko da tambayoyi.